Takardar Kawu Ilu

Ban san na bar gida ba sai da muka iso bakin Kwara. Tun daga Kano har bayan Zariya ina leƙe ta tagar tarago, ina ganin gonaki da kuka da tsamiya irin namu, ina cewa a raina ashe duniyar duk ɗaya ce, banza ake tsorata mutane da ita. Amma da jirgi ya tsaya a Jeba aka ce kowa ya sauko za a haye da mu, na ga kogin da in ka juye masa Jakara ba zai san an yi ba, sai na ja da baya. Kawu Ilu ya dube ni, ya gyara gammonsa a hammata, ya ce, "Yaya dai, sarkin yawo? Ko mu juya?"

Na ce, "Wa ya ce maka tsoro nake ji?"

Ya ce, "Gwiwarka ce ta faɗa min."

Sunana Habu. Gidanmu a Madabo yake, unguwar malamai, kuma mahaifina malami ne har ya koma ga Allah. Ni dai allo bai karɓe ni ba. Abin da ya karɓe ni dashe ne. Tun ina saurayi nake dasa wa mutane lemo da gwanda da ruman da dabino, daga gidajen unguwarmu har lambunan bayan Ƙofar Kabuga, kuma da wuya in dasa abu ya mutu. Sirrin ba wani mai tsawo ba ne. A Kano ruwa baƙo ne, in ya zo sai ka yi masa wurin zama. Ka haƙa rami, ka zuba taki, ka dasa, sannan ka bar kwarmi a gindin kamar ƙwarya, yadda ko guga ɗaya ka zuba ba zai gudu ba, ka rufe da ganye saboda rana. Mutane suka sa min suna Habu mai hannun dashe, ni kuma kaina ya kumbura, har na fara ganin birnin ya yi min kaɗan.

Ana cikin haka wani dillalin lebura mai suna Ɗanjuma ya zo da labarin cewa Turawa na neman masu dashe a Kurmi, can ƙasar Yarabawa, aikin damina ɗaya, a dawo kafin kaka. Ban bari ya rufe baki ba.

Ni ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta kama sunana, ba ta kuma yi min magana kai tsaye. In tana so in ci abinci sai ta ce wa bango, "Wanda bai ci ba, ga shi nan yana hucewa." Da ta ji zan tafi ba ta ce min ƙala ba. Sai ta aika aka kira ƙaninta Ilu, ɗan dako ne a Ƙofar Ɗan Agundi, ita ta goya shi tun da uwarsu ta rasu, ba shi da mata ba shi da ɗa. Ta ce masa, ina tsaye ina ji, "Ilu, ku biyu za ku fita. Ku biyu nake so ku shigo min." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Kawu ya kusa shekara hamsin lokacin, bai taɓa dasa ko albasa ba.

A Ilori muka fara ganin halin Ɗanjuma. Ya ce mu tara masa guzurinmu, ƙuli-ƙuli da dakuwa da garin fura, wai ma'aikatan jirgi na ƙwace abincin lebura, shi zai ɓoye mana. Muka tara, mu goma sha biyu. Ya kira wani akawu ya sa kowa ya dangwala yatsa a takarda, ya ce zai je ya gaisa da wani aboki a zango. Har yau da nake ba ku labari bai gama gaisuwar ba. Na yi ta zage-zage a tarago har muryata ta dushe. Kawu ya bar ni na gaji, sannan ya warware gammonsa, sai ga ƙullin kuka da na daddawa a ciki. Ya ce, "Ɗan dako ba ya ba da kayansa duka, ko ga uban gidansa."

Muka wuce Badun, aka sauke mu a wata 'yar tasha da ba ni da bakin faɗin sunanta, muka yi tafiyar yini a ƙasa cikin daji. Ni da na saba in tsaya a ko'ina in hango Dala da Goron Dutse, sai ga ni inda sama ma sai ka ɗaga kai ka nemo ta tsakanin ganye. Ƙasa kullum a jiƙe. Rigar da ka wanke yau, jibi ma da danshi za ka sa ta. Rana takan yi kwana uku ba ta leƙo ba, har mu rasa gabas mu rasa azahar. Abinci doya ce da manja, gobe ma doya ce da manja. Ran da Kawu ya kaɗa mana miyar kuka a wani fasasshen kasko, wani ƙato daga cikinmu sai da ya yi hawaye, ya ce hayaƙi ne.

Heluman da aka ɗora a kanmu, wato shugaban lebura, Banufe ne, sunansa Ndako, gajere mai faɗin ƙirji, ba ya dariya ba ya ɓata magana. Shi ya nuna mana gabas, shi kuma ya karanta mana dokar wurin. An sare daji an ƙone, an kafa turaku layi-layi. Kowa za a ba shi layukansa. Itacen da za mu dasa Turawa ne suka kawo irinsa daga wata ƙasa mai nisa, ganyensa faɗi kamar faifai, in ka murza ɗanyensa hannunka ya yi ja sai ka ce lalle. Bayan kwana arba'in Bature zai zo ya bi layi. Wanda nasa suka kama, a ba shi ladansa da takardar sallama. Wanda nasa suka mutu, ya sake dasawa ya jira wasu arba'in. Ba takarda, ba jirgi, kuma duk wanda ya dangwala yatsa ya gudu, ɗan sandan tasha na jiransa.

Sannan Ndako ya ɗauki fartanya ya nuna yadda ake so. Ya tara ƙasa tsibi guda, ya kai tsawon gwiwa, ya huda samansa, ya sa dashen, ya danne. Ya ce, "Haka. Ba wani haka ba."

Dariya ta kusa kashe ni. Na raɗa wa Kawu, "Ka ga jahilci? Ya ɗora itace a kan tudu kamar an naɗa masa sarauta. Ruwan da za a zuba ai gangarewa zai yi."

Kawu ya ce, "Habu, in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi tsumma ka ɗaura."

Na ce, "Kawu, kai dako ka sani. Wannan fagena ne."

Ya ce, "To. Ni dai inda mai kaya ya ce a sauke, nan nake saukewa."

Haka ya yi kuwa. Yana nishi yana tara tsibi, karkatattu, marasa kyan gani, amma tsibi. Ni kuma na yi dabarar da har yanzu in na tuna ta nakan ji kunyar kaina. Gindi biyar na farko a bakin hanya, inda idon Ndako ke kaiwa, na yi musu tsibi. Daga nan zuwa ƙarshen layi kuwa na yi irin ta gida: rami, kwarmi mai kyau zagayayye, na lulluɓe da ganye. Niyyata ran da Bature ya zo ya ga nawa sun fi na kowa, in yaye ganyen in nuna masa yadda Kanawa ke aiki. Har na tsara maganar da zan faɗa.

Akwai wata mata da ke kawo mana abincin sayarwa daga ƙauyen da ke kusa, dattijuwa, muna ce mata Iya. Ba ta jin Hausa, mu ba ma jin Yarabanci, da hannu ake ciniki. Wata rana ta ratso ta cikin layina, ƙafarta ta faɗa kwarmi. Ta tsaya, ta yaye ganyen, ta duba, ta tafa hannu. Ta yi ta magana tana nuna sama, tana nuna ramin, tana kama wuyanta kamar mai shaƙewa. Da ta ga ban gane ba sai ta fara tura ƙasa da ƙafa tana cike min kwarmin. Raina ya ɓaci. Na daka mata tsawa, na durƙusa a gabanta na kwashe ƙasar da hannu. Ta dube ni ta girgiza kai, ta ɗauki ƙwaryarta ta wuce.

Mako biyun farko Allah ya bar ni da wautata. Ruwan bai yi ƙarfi ba, nawa suka yi shar, suka fi na kowa. Nakan ja Kawu in nuna masa, in ce, "Ka gani?" Shi kuma ya ce, "Na gani. Allah ya sa a gama lafiya."

Sai sama ta buɗe. Ban taɓa sanin ana ruwa haka ba. A Kano hadari ya haɗo, a zuba, a ɗauke, yara su fito wasa. A can kwana tara aka yi ana yi, in ya tsagaita sai ka ce numfashi yake ja. Ran da na iya fita na bi layina, kowane kwarmi ya zama 'yar rijiya, dashen na tsaye a ciki har wuya. Na yi ta kwalfewa da ƙoƙo, ina gamawa ana sake cikawa. Ganye ya yi rawaya, ya langaɓe, ya zube. Na tumɓuke ɗaya, saiwar ta yi baƙi tana wari. A nan na gane abin da Iya ke nufi da kama wuya. Gindi biyar ɗin nan na bakin hanya, waɗanda na yi don yaudara, su kaɗai suka rayu.

Ran cikar arba'in Bature ya zo da hular kwano da sanda, akawu na biye da shi. Ya bi layukan Kawu, karkatattun nan, ya gyaɗa kai. Ya zo nawa, ya wuce biyar ɗin farko, ya tsaya. Ya sa sanda ya yaye ganye ya ga kwarmin. Bai ko dube ni ba, ya faɗa wa akawu wata magana ya yi gaba. Ndako ne ya dube ni. Ya ce, "Bakano, na ce maka haka. Ka ce kai ka fi." Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Da la'asar aka raba takardu. Akawu ya karanta ta Kawu da ƙarfi ya fassara: mai wannan takarda, Ilu Kano, ya gama aikinsa, a bar shi ya koma gida. Mutanenmu goma suka hau ɗaure kaya, ana ta raha, wannan na cewa fura zai fara sha, wancan na cewa shi sai ya kwana uku a rana ya bushe. Kawu ya ninke takardarsa ya cusa cikin gammo, ya koma ya zauna a bakin bukka.

Ya kamata in faɗa cewa tun cikin ruwan kwana taran nan jikinsa ya fara ba shi labari. Zazzaɓi na zuwa yana tafiya, ga tari, ƙafafunsa sun kumbura har takalmin fata ya daina shiga. Kowa ya san maganinsa iskar gida ce.

Na ce, "Kawu, tashi ka ɗaura kayanka."

Ya ce, "Ina za ni?"

"Gida mana. Ga abokan tafiya. Ni in na gama zan biyo ku."

Ya ce, "In shiga Madabo ni kaɗai? In ce wa Yaya me?"

"Ka ce mata ina nan lafiya."

"Ku biyu ta ce. Kai ma kana tsaye."

Na roƙe shi, na yi masa faɗa, har na faɗa masa maganar da ba ta kamaci ɗa da kawunsa ba. Na ce zamansa nauyi ne a kaina, ba taimako ba. Ya yi murmushi ya ce, "Nauyi ai sana'armu ce. Kai ma ka ɗanɗana." Na je wurin Ndako na ce a musanya, a ba ni sallama in kai shi gida in dawo, na rantse da duk abin da zan iya. Ya ce ba shi ke rubuta takarda ba. Na ce wa Kawu to mu gudu ta daji mu bi sawun fatake. Ya miƙo ƙafarsa ya danna da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ya ce, "Da wannan?"

Washegari muka raka 'yan'uwanmu har bakin rafi. Na tsaya ina kallon bayansu har ganye ya rufe su, na ji kamar in kurma ihu.

Arba'in ta biyu ita ce kwanakin da suka fi kowaɗanne tsawo a rayuwata. Na cike kwarmin nan ɗaya bayan ɗaya, na tara tsibi, na sake dasawa. Cikin kwana shida na gama aikin da ya ci mana mako biyu, don gani nake in na yi sauri kwanakin ma za su yi sauri. Ba su yi ba. Itace ba ya jin gaggawar mutum. Na kasa zaune na kasa tsaye. Kafin rana ta fito ina cikin layi, in taɓa wannan ganye, in tona gindin wancan in ga ko saiwa ta fito. Na sami kara ina yi masa tsaga kullum, wani lokaci in ƙirga sau uku ko na yi kuskure ya ragu. In na koma bukka na ji tarin Kawu sai in sake fitowa, in na fito kuma sai in ji tsoron barinsa in koma.

Iyar nan da na daka wa tsawa, ita ce ta riƙa zuwa da kunun masara mai zafi da wani jiƙo mai ɗaci a ƙoƙo. In na miƙa mata abin hannuna sai ta ture. Takan zauna ita da Kawu su yi ta hira, ita da yarenta shi da nasa, kowa na dariya a inda ya ga dama. Ranar da na durƙusa na ba ta haƙuri da hannu, sai ta dangware min kai kamar yadda ake yi wa yaro, ta nuna min tsibin doyar gonarsu can gefe. Kullum nake wucewa ta gabansu tun zuwanmu, idona biyu, ban taɓa tambayar kaina dalilinsu ba.

Kamar abin bai isa ba, sai ruwa ya ɗauke. Ashe haka daminarsu take, takan huta a tsakiya. Tsibin da na tara ya fara bushewa, sabon dashe ya sunkuyar da kai. Wato lokacin da ake son tsibi na yi kwarmi, yanzu da kwarmi zai yi rana ba halin yi. Sai ɗibar ruwa daga rafi, tafiya mai ɗan nisa da hawa. Na ɗauki tulu, sawu biyar wuyana ya ƙage. Ina dawowa na shida na tarar da Kawu a hanya, gammo a ka, tulu a kan gammo, yana taku a hankali da kumburarrun ƙafafu, ko ɗigo bai zubar ba.

Na ce, "Kawu, don girman Allah sauke."

Ya ce, "Kai ka san dashe, ni na san ɗauka. Kowa ya tsaya a fagensa, ba haka ka ce ba?"

Kwana goma sha ɗaya yana ɗiba. Na ɓoye tulun, ya aro na Iya. Na haɗa shi da Ndako, Ndako ya yi masa magana, Kawu ya ce to, da Ndako ya juya baya ya ɗauka. Ya ce min in waɗannan suka mutu wata arba'in ce, shi kuma ba shi da wata arba'in a jikinsa, gara ya kashe wadda ke hannu. Sai da ruwa ya dawo ya ajiye tulu, daga nan kuma bai ƙara tashi da ƙarfinsa ba.

Saura kwana tara Bature ya zo, da hantsi, Kawu ya ce in fito da shi ya sha iska. Na goya shi zuwa ƙarshen layi, na jingina shi da wani kututture, na sa masa gammo a ƙeya. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Ya daɗe yana kallon dashen, sun fitar da sabon ganye jajaye-jajaye.

Ya ce, "Sun kama?"

Na ce, "Sun kama, Kawu."

Ya ce, "To ka daina tona su. Kai matsalarka hannunka ba ya zama." Sannan ya ce, "In mun je, kada ka faɗa wa Yaya na yi ciwo. Faɗa za ta yi min."

Na ce to. Na shiga layi ina gyara wani tsibi da ruwa ya zaizaye, na gyara na gaba, na gyara na gaba da shi, don ban iya ganin abu in bari ba. Da na waiwayo na ga kansa ya karkata. Na kira shi sau biyu. Ko kalmar shahada ban samu na laƙƙana masa ba, ina can ina tara ƙasa.

Ndako ya yi masa wanka, mijin Iya ya kawo farin ƙyalle. Na fara haƙa kabari a bayan bukkarmu, ban kai gwiwa ba ruwa ya tsattsafo ya cika ramin. Na tsaya ina kallonsa, fartanya a hannu. Ndako ya dafa ni ya ce, "Ba nan ba. Zo." Ya kai mu kan wani tudu, can muka haƙa, ya ja mana salla mu biyar, har da mutum biyu daga ƙauyen Iya. Da aka rufe kowa ya watse, ni na tsaya ina ƙara ƙasa. Na yi ta tarawa har sai da ya kai min ƙugu, don kada ruwa ya kwanta masa. Tsibin da na ƙi yi wa itace tun farko, shi na yi wa Kawu.

Bature ya zo ran da aka ce, ya bi layina, ya gyaɗa kai. Duka abin bai kai tsawon shan ƙoƙon fura ba. Aka ba ni takardata.

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Na haye Kwara ban ji tsoro ba, ban ji komai ba. Gammon Kawu na kan cinyata har Kano.

Muka iso da safe, kaka ta yi, ko'ina ƙanshin sabon gero. Daga tasha ba nisa zuwa cikin gari, amma ƙafata ta ƙi. Na bi bayan ganuwa, tana hannun damana. Da na hango Ƙofar Ɗan Agundi, ga 'yan dako zaune a inuwa inda Kawu ke zama, sai na ja rawani na rufe fuska na ratse ta cikin gonaki, don na san tambayar da za su yi. Na wuce ƙofa, na wuce ta gaba, ina cewa a ta gaba zan shiga. Sai da na kai Ƙofar Kabuga, can yamma, na ga in na ƙara gaba zagaye birnin zan yi in dawo inda na taso. Na shiga, na bi ta gindin Goron Dutse, ban isa Madabo ba sai bayan la'asar.

Na yi sallama a zaure. Inna na tsakar gida tana tankaɗe. Ta amsa ba ta ɗago ba, yadda ta saba. Sannan ta ɗago, amma ba ni ta duba ba, bayana ta duba, ƙofar zaure. Ta daɗe tana dubawa. Na ga akushi biyu a kife a kan rumfa, wankakku. Ashe tun da mutanenmu goma suka dawo suka ce muna tafe, kullum sai ta wanke su.

Na durƙusa na ajiye gammon a gabanta. Ta ajiye rariya. Na faɗa mata komai, ban rage ba: tsibin da aka ce in yi, kwarmin da na yi, takardar da aka ba shi ya ƙi tafiya, tulun. Har ciwon da ya ce kada in faɗa, na faɗa. Na ce, "Inna, ni ne. Da na yi yadda aka ce, da tuni muna nan mu biyu."

Ta miƙa hannu. Ta ɗauki gammon ta warware shi a hankali, sauran ƙullin kuka ya faɗo, takardar ta biyo baya, ta yi laushi saboda danshi. Ta juya ta gaba da baya. Ta tambayi bango, "Me aka rubuta a nan?"

Na ce, "An ce mai wannan takarda, Ilu Kano, ya gama aikinsa. A bar shi ya koma gida."

Ta ce, "Ya gama kuwa." Ta ninke ta yadda take, ta ƙulle a bakin zane. Ta tashi ta sauko da akushi ɗaya, ta bar ɗayan a kife. Hawaye na bin fuskarta, ba ta share ba.

Akwai wani lemo a tsakar gidanmu da na dasa shekara biyu kafin tafiya. Tana wucewa ta gefensa ta tsaya, ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Wanda ya dasa wannan, ya zo ya duba. Kwarminsa ya cike, ruwa ba ya tsaya masa."

Na ɗauko fartanya a bayan ɗaki na durƙusa a gindinsa. Na daɗe a durƙushe kafin hannuna ya yarda ya haƙa.